Da Bakinki Kika Yarda

Yau maganar cikin gidana ce zan kawo muku, wadda ta hana ni barcin kirki kusan wata uku, har ta kai ni ga tona rigimar wasu Turawa da ban taɓa zaton akwai abin da zai haɗa ni da su ba.

'Yar fari ce, don haka ku yi mini uzuri, ba zan kama sunanta ba. Ta karanta kimiyyar siyasa a jami'a, ta yi hidimar ƙasa, Allah ya taimaka ta samu aiki mai ɗan albashi. Sai ga manemi ya fito, yaro mai hankali, ɗan gidan mutunci, wallahi ba ni da abin da zan kushe shi da shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: in an ɗaura aure za ta ajiye aiki, kuma yana so a faɗi haka a gaban manya ranar sa rana, don kada a zo ana musu daga baya. Ita kuwa ta ce ta ji ta gani.

Muna kicin ta faɗa mini, ina tankaɗe, ban san sanda na ajiye rariyar ba. Domin ni ma a 1999 haka aka yi da ni. Ina da takardar NCE, ina koyarwa a firamare, marigayi mahaifinsu ya zo da irin wannan sharaɗin, na amsa a gaban baffannina. Bayan shekara bakwai, yara sun fara tasawa, zaman ya ishe ni, na roƙe shi in koma aji. Bai yi mini tsawa ba, Allah ya jiƙansa, shi ba mai faɗa ba ne. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Ai da bakinki kika yarda." Na rasa ta cewa. A 2015 ya rasu ya bar ni da yara biyar da takardar da ta shekara goma sha shida a ƙasan akwati. Wahalar da na sha kafin wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni, da irin albashin da aka yanka mini, ke dai bari.

Na ce mata ban yarda ba. Sai yarinyar nan ta dube ni ta ce, "Umma, ke kika dage in yi karatu don kada kowa ya zaɓa mini rayuwa. To na zaɓa, kuma ke ce ta farko da kike so ki zaɓa mini." Na ce ba za ki yi mini rashin kunya da bokonki ba. Amma cikin dare maganar ta dawo mini, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Da safe ta ajiye mini tarin takardun da suka yi karatu da su a aji uku, ta ce, "Ga mutanen da ba su da aiki sai zancen 'yanci, ki gani ko su sun daidaita."

A Amurka ana ce musu libateriyan. Ni dai na raɗa musu 'yan a-sakar-mana-mara. Aƙidarsu a dunƙule ita ce kowane baligi shi ke da iko da kansa da abin da ya nema da guminsa, kuma babu mai ikon tilasta masa komai, ko maƙwabci ko gwamnati, sai fa in zai cuci wani. Har jam'iyya suka kafa a 1971, kuma a zaɓen 2016 ɗan takararsu Gary Johnson ya samu ƙuri'a kusan miliyan huɗu da rabi. Shugaban Ajantina da aka zaɓa a 2023, Javier Milei, nasu ne, don tsabar ƙauna ma sunayen malaman tattalin arzikin da yake ji da su ya sa wa karnukansa. Kowa da irin karamcinsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mata uku ne ake lissafawa cikin waɗanda suka hura wutar wannan tafiya, kuma a shekara ɗaya, 1943, kowacce ta fitar da littafinta: Ayn Rand, da Rose Wilder Lane, da Isabel Paterson. Ita Rand a Rasha aka haife ta a 1905, tana yarinya 'yan gurguzu suka ƙwace kantin maganin mahaifinta, ta isa Amurka a 1926 da ƙullin gwamnati a zuciya wanda bai kwance ba har ta mutu a 1982. Lane kuwa lokacin yaƙin duniya na biyu ƙin karɓar katin rabon abinci ta yi, ta koma noma abin da za ta ci a bayan gidanta. A littafinta har babi guda ta ware tana yabon irin sakewar da mutane suka samu a daular Musulmi ta farko. To ko su ukun ba su sha inuwa ɗaya ba. Paterson ta ƙi karɓar kuɗin tsufa na gwamnati har ƙarshen rayuwarta, Rand kuwa da tsufa da ciwo suka zo ta karɓa, hujjarta tun da can ita ce wanda aka karɓe wa kuɗi da ƙarfi ba laifi ya karɓo abinsa. Kuma Rand ɗin ba ta ma son a haɗa ta da 'yan jam'iyyar, gani take sun kwashi tunaninta sun lalata.

Mazan ma haka. Wasu sun ce a bar gwamnati da 'yan sanda da kotu da soja kawai. Murray Rothbard ya ce har waɗannan ma a bar wa 'yan kasuwa. Milton Friedman da Friedrich Hayek kuma sun yarda a ajiye wa talaka ɗan abin da zai hana shi mutuwa da yunwa, abin da su Rothbard ke gani satar dukiyar wani ce a ba wani. Duk wannan na wuce shi da sauri, ba shi ya dame ni ba. Inda na ja birki shi ne wata tambaya da suka daɗe suna kai ruwa rana a kanta: mutum mai cikakken 'yanci, yana da ikon ya sayar da 'yancin nasa da kansa, ya zama bawan wani har abada?

Kada wata ta je ta ce na ce aure bauta ne irin ta bayi. Ban ce ba, kuma zaman da na yi da marigayi zaman daɗi ne, ban da wannan tabo ɗaya. Abin da ya haɗa maganarsu da tawa shi ne ƙashin bayanta: shin "na yarda" ta yau tana iya ɗaure mutum har ƙarshen rayuwarsa?

Robert Nozick, malami a jami'ar Harvard, a littafinsa na 1974 ya amsa da e. A ganinsa in da gaske kai ke da kanka, to kana iya yin yadda ka so da kan naka, har da miƙa shi ga wani. Wanda ya hana ka, shi ne ya shiga haƙƙinka. Nan 'yar tawa ta kafa ƙafa. Har layi ta ja a ƙarƙashin wurin da jan biro.

Na ce mata to ai ni lokacin da na amsa, ba sakewa gare ni ba. Mahaifinmu ya bar aiki, kuɗin sallamarsa bai fito ba, ƙannena shida, kuma manemin nan shi ke biya wa biyu daga ciki kuɗin makaranta. Ba wanda ya ɗaga mini murya, amma duk wanda ya shigo gidan ido yake zuba mini. Sai ta buɗe mini wani shafi. Ashe Nozick ya tanadi amsa, kuma abin dariya da aure ya buga misalin. Ya ce a ɗauka maza 26 ne da mata 26 suke neman aure, kuma duk bakinsu ya zo ɗaya a kan wane ya fi wane, wance ta fi wance. Na ɗaya ya ɗauki ta ɗaya, na biyu ya so ta ɗayan amma an riga shi, ya ɗauki ta biyu, haka har aka zo kan na ƙarshe da ta ƙarshe, ba su da kowa sai junansu. In sun yi aure, wai da son ransu suka yi, tunda duk waɗanda suka gabace su haƙƙinsu suka yi amfani da shi, ba wanda ya zalunce su. Wato ƙuncin zaɓi ba ya zama tilas sai in wani ne ya take maka haƙƙi ya jefa ka ciki. Na yi dariya, sannan na ji haushi, domin na san mata da yawa da aka yi wa irin wannan lissafin, aka ce ai ba a yi musu dole ba.

Hayek, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, bai tafi da nisa haka ba. A littafinsa na 1960 ya kawo misalin wani zango a tsakiyar hamada, mutane sun zauna saboda akwai idanun ruwa da dama, sai duk suka ƙafe aka bar guda ɗaya a hannun mutum ɗaya. Ya ce in mai ruwan nan ya ce sai an yi masa abin da yake so kafin a sha, wannan tilas ne tsantsa, ko da bai ɗaga sanda ba, domin wanda ƙishi zai kashe ba a cewa ya yarda. Maganin da ya bayar shi ne a sa mai ruwan ya sayar wa kowa a farashi ɗaya ba zaɓe. Rothbard ya yi masa ca, ya ce ruwan na mai shi ne, ƙin sayarwa ba duka ba ne. Duk wadda ta taɓa bin layin rijiyar maƙwabta da bazara, mai gidan yana harare-harare, ta san wanda ya fi kusa da gaskiya a cikinsu. Amma Hayek ɗin ma ya ja iyaka. Ya ce miji mai ɗaure fuska ko mace mai mita suna iya mayar da gida kurkuku, sai dai abin da jama'a za su iya yi a nan kaɗan ne, bai wuce su tabbatar da son rai aka shiga ba.

Na zauna na auna kaina da wannan ma'auni, kuma zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Rijiyar gidanmu a 1999 ta ja baya, amma ba ta ƙafe ƙarƙaf ba; ina da albashina ko da kaɗan ne, kuma ina son mutumin. Rabin amsata dole ce, rabi kuwa so ne da ƙuruciya. Ita kuma 'yar tawa ko wannan rabin dolen babu a tata. Tana da albashi, ba ta ciyar da kowa, manema ba su yanke ba. Don haka misalin rijiya bai taimake ni a kanta ba ko kaɗan, na haƙura da shi.

Wanda ya ba ni makami, abin mamaki, shi ne Rothbard ɗin nan mai tsauri. A littafinsa na 1982 ya saɓa wa Nozick. Ya ce mutum yana iya sayar da gonarsa, da rigarsa, da aikin yininsa, domin duk waɗannan suna rabuwa da shi. Amma nufin zuciyarsa ba ya ciruwa a miƙa wa wani, kullum yana tare da shi. Saboda haka wanda ya yi alƙawarin zai yi wa wani biyayya har abada, ran da ya sauya ra'ayi ba a da ikon kamo shi da ƙarfi. In ya karɓi kuɗi a kan haka sai ya mayar, shi kenan. Da na karanta wurin nan sai kul'i ya faɗo mini a rai, inda mace ke mayar da sadaki ta karɓi kanta. Sai dai kada ku ɗauka na zama almajirarsa. A cikin littafin nan dai ya rubuta cewa bai kamata doka ta tilasta wa iyaye ciyar da ɗan da suka haifa ba, ko da rashin ciyarwar abin ƙi ne. Tabɗi! Na rufe takardar na yi ta salati. Jaririn da bai roƙi a haife shi ba, da wane 'yancin zai nemi nono? A nan na gane mutum yana iya riƙe ƙa'ida ɗaya ya bi ta tiryan-tiryan har ta kai shi rami.

Wanda na fi jin daɗin zama da shi shi ne kakansu, John Stuart Mill na Ingila, ko da yake wasunsu ba sa lissafa shi cikakken nasu. Littafinsa a kan 'yanci ya fito a 1859, ya sadaukar da shi ga matarsa Harriet Taylor wadda ta rasu shekara ɗaya kafin nan. Shi ma ya ce cinikin sayar da kai ɓatacce ne, da hujja mai sauƙi: dalilin da ya sa ake ƙyale mutum ya yi abin da ya ga dama shi ne don a kiyaye masa 'yancinsa, to yaya za a kafa hujja da 'yancin a rushe shi gaba ɗaya? Kuma mutumin nan ba a baki kawai ya tsaya ba. A zamaninsa dokar Ingila tana mallaka wa miji abin da matarsa ta samu, sai a 1870 da 1882 aka yi dokokin da suka bar wa matar aure dukiyarta, abin da mu muka taso muka tarar ba a ko musu a kansa. Da zai auri Harriet a 1851, sai ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa cewa bai yarda da ikon da doka za ta ba shi a kanta da dukiyarta ba, kuma ba zai taɓa amfani da shi ba. Kun ji namijin da aka miƙa wa igiya ya ce a mayar.

Na kai mata wannan ina murna, ashe ta riga ni. Ta ce, "Umma, ki ƙarasa karantawa." Mill ɗin ya ce wanda ya sa wani ya dogara da alƙawarinsa har ya gina rayuwarsa a kai, to ya ɗauki nauyin da ba a yar da shi haka kawai, balle in an samu 'ya'ya. Kuma a littafinsa na 1869 a kan danniyar da ake yi wa mata, duk da ya yi fafutukar a buɗe musu kowace sana'a, ya ce galibi macen da ta yi aure ta zaɓi riƙon gida ne a matsayin aikinta na farko, kamar yadda namiji ke zaɓar sana'a. Nan jikina ya yi sanyi. Na tuna marigayi ya ƙi karɓar canjin wurin aiki mai ƙarin girma don kada ya raba ni da dangina, ya tsara komai nasa a kan ina gida. Alƙawari kaya ne, shi ma ya ɗauki nasa. Shekara da shekaru ina riƙe da kalmar nan tasa a zuciya, ban taɓa juya ta na dubi bayanta ba sai ranar.

Amma ni ma na samo mata guda. Nozick ɗin da take ja wa layi da jan biro, a 1989 ya fitar da wani littafi ya ce matsayinsa na da yana da babban giɓi. Bai fita daga tafiyar gaba ɗaya ba, amma ya sassauta. Na ce, "Ke, farfesa guda ya rubuta littafi, bayan shekara 15 ya dawo ya ce akwai gyara, ba wanda ya ce masa ai da alƙalaminka ka rubuta. Ke da shekara 23 kike so ki yanke wa mace mai shekara 35 hukunci, alhali ba ki taɓa ganinta ba, ba ki san 'ya'yanta nawa ba, ba ki san ko mijin yana raye ba?" Ta yi shiru, sannan ta ce na yi mata mugun fata. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A cikin kwana biyun nan na sauko daga inda na hau. Na ga cewa in na ce sai ta yi aiki dole, na zama abin da nake gudar mata. Zaman gida ba abin raini ba ne, na yi shi, na san aikin da ke cikinsa, kuma mace mai hankalinta tana iya zaɓarsa ido buɗe. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a kulle ƙofar a gaban shaidu a jefa makullin a rijiya. Na kira baffanta na ce masa, "Yaya, ta ajiye aikin in tana so, ban hana ba. Roƙona ɗaya, kada a ambace shi a matsayin sharaɗi ranar sa rana."

Yaron ya zo da kansa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce, "Umma, ni ba don mugunta ba ne. Na taso mahaifiyata tana fita tun asuba, mu muke dafa wa kanmu, na yi wa kaina alƙawarin 'ya'yana ba za su taso haka ba. In ba a faɗa a gaban manya ba, da me zan dogara?" Wallahi ya ba ni tausayi, kuma tambayarsa tambaya ce. Na ce masa ya dogara da cewa ita ta ce tana so, kuma in ta daina so wata rana, gara ya ji daga bakinta su zauna su yi shawara, da ya rufe mata baki da maganar da ta yi tana budurwa. Na ba shi labarina, abin da ko 'ya'yana ban taɓa ba su dalla-dalla ba. Ya daɗe kansa a sunkuye.

Bayan mako guda ya aiko wa baffan nata da amsa. Ya yarda ba za a ambata a gaban manya ba. Amma ya ce a gaya mini shi ma bai yi alƙawarin zai bar ta ta koma ba in ta nema, sai dai za su yi magana in lokacin ya zo. Ban samu duk abin da nake so ba, shi ma haka, ita kuwa har yanzu tana ganin na shiga abin da ba ruwana.

An sa rana bayan babbar Sallah. Ta riga ta rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakarta, ta ce sai saura wata guda za ta miƙa. Shekaranjiya na karɓi takardun makarantarta na kai aka yi musu hoto kala biyu-biyu, na sa a leda na ajiye a akwatin da tawa ta yi shekara goma sha shida. Ta shigo ta same ni ina rufe akwatin, ta tsaya tana kallona, ba ta ce komai a kai ba. Sai ta miƙo mini wayarta ta ce in zaɓa mata atamfar anko tsakanin shuɗiya da ruwan goro.